Hillar Gado Ba Kufai Ba Ce

Daga:
Tijjani Abduljalil Gado,
Sakataren Lajnar Raya Hillar Gado,
Gabas da Mafaza, Wilayar Gadarif.

Zuwa ga:
Mai Girma Mudir,
Shirin Ƙauye Tushen Arziki,
Babban Ofishi, Gadarif.

Litinin, 12 ga Mayu, 2025 (14 ga Zulƙida, 1446).

Game da: Ƙorafi kan rubuta Hillar Gado cikin jerin ƙauyukan da mutanensu suka watse, da cire ta daga shirinku, da roƙon a dakatar da zartar da wannan hukunci kafin ranar 1 ga Yuni, 2025.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da ban girma, da fatan Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da basira a kan nauyin da aka ɗora masa, ina neman izini in gabatar da kaina, sannan in gabatar da ƙorafina.

Sunana Tijjani ɗan Abduljalil ɗan Gado. Shekaruna sittin da takwas. Na koyar a makarantar firamare shekara talatin da ɗaya, a Mafaza da ƙauyukan da ke kewaye da ita, kafin in ajiye alli in koma gida. Tun ranar 14 ga Nuwamba, 2022, ni ne sakataren lajnar raya ƙauyenmu, wato kwamitin mutum bakwai da shirinku ya umarce mu mu kafa. Da wannan matsayi nake rubutu. Amma ya kamata in faɗi gaskiya tun farko: daga cikin mu bakwai, ni kaɗai nake kwana a ƙauyen yau.

Na riga na rubuto wa ofishinku sau uku da Larabci, ranar 5 ga Oktoba, 2023, da 20 ga Maris, 2024, da 2 ga Fabrairu, 2025. An shaida mini cewa Mai Girma bai daɗe da kama aiki ba, kuma yana jin harshen kakanninmu. Shi ya sa na rubuta wannan da Hausa, na haɗa da kwafinta na Larabci saboda ma'ajiyar takardunku. Idan akwai rashin ladabi a cikin hakan, ina neman afuwa.

Hillar Gado tana da nisan kilomita goma sha bakwai daga kogin Rahad. Kakana Malam Gado ne ya sare ta da shi da abokan tafiyarsa, a kan hanyarsu ta dawowa daga Hajji. Kafin abin da zan bayyana, gida tamanin da huɗu ne a cikinta. Muna noma dawa da riɗi a baƙar laka, muna kiwon awaki. Ba mu da rijiya, domin ƙasarmu ba ta ba da ruwa ko an yi zurfi. Abin da muke sha shi ne hafir, wato tafkin da kakanninmu suka haƙa da hannu don tara ruwan damina. Ya tsufa, laka ta ci rabinsa, amma yana kai mu har tsakiyar Afrilu, sauran wata biyun kuma mu cike da ruwan da ake ɗaukowa daga kogi a karo, amalanken jaki. Da wahala muke, ban musa ba. Amma tun da aka kafa ƙauyen ba a taɓa rufe shi ba.

Ga ƙorafe-ƙorafena bi da bi.

1. Alkawarin da aka yi mana, da abin da muka cika.

Ranar 14 ga Nuwamba, 2022, wakilin shirinku, injiniyan da muke kira Muhandis Elnour, ya tara mu a ƙarƙashin tsamiyar masallaci. Ya ce arzikin ƙasa daga ƙauye yake tasowa, birni ci kawai yake yi. Ya ce kuskurenmu shi ne muna sayar da riɗinmu ɗanye a kasuwar Gadarif, wasu su matse shi, su dawo mana da man a kwalba. Ya ce shirinku ba sadaka ya zo bayarwa ba, ya zo ne ya tsayar da mu da ƙafafunmu. Shirin zai haƙa sabon hafir mai kai wa damina, ya kuma ba mu injin matsar riɗi mai aiki da hasken rana. Mu kuma mu share filin haƙa, mu kewaye shi da ƙaya, mu gina ɗakin injin da guminmu.

Na rubuta maganarsa a littafin lajna a ranar, yana nan har yanzu. Shugaban lajnarmu, Malam Yahya, wanda ba mutum ne mai saurin yarda ba, ya ce a gaban kowa wannan ne karo na farko da wani daga gwamnati ko ƙungiya ya zo bai kira mu masakin, wato miskinai, ba.

Mun cika namu cikin kwana saba'in. Maza suka buga tubali suka gasa. Mata arba'in da ɗaya, ƙarƙashin jagorancin matata Hawwa, wadda ita ce wakiliyar mata a lajna, suka yi ta jido ruwan kwaɓi a ka. Daga ruwan shanmu muka rage muka yi ginin. Ɗakin yana nan tsaye, da rufin kwano da ƙofar ƙarfe, da dakalin siminti a tsakiya daidai awon da Muhandis ya ba mu. Ba a taɓa ɗora komai a kan dakalin ba.

2. Fasa bakin tsohon hafir.

Ranar 6 ga Fabrairu, 2023, karraka, wato motar haƙa, ta iso. Muhandis Elnour ya yanke shawarar a haɗe sabon hafir da tsoho su zama ɗaya, don haka aka fasa bangon tsohon ta gefen kudu, faɗin taku talatin da biyar. Malam Yahya ya roƙe shi a bar bangon sai an gama sabon haƙa. Muhandis ya ce masa, cikin ladabi, ya Hajj ka kwantar da hankalinka, kafin ruwan farko an rufe komai. Ban ɗauka da mugun nufi ya faɗa ba, kuma ba na neman a hukunta shi.

Ranar 18 ga Afrilu, 2023, kwana uku da ɓarkewar yaƙi, aka zo da babbar mota aka ɗauke karraka. An haƙa kashi ɗaya cikin uku na sabon hafir. Ba a maido da bangon tsohon ba.

Ranka ya daɗe, na san abin da ya sami ƙasarmu. Na san akwai garuruwan da suka rasa abin da ya fi hafir, kuma ba zan tsaya gaban Allah in ce musibarmu ta kai tasu ba. Ba ƙorafi nake yi don an tsayar da aiki ba. Ƙorafina shi ne an same mu da tafki mai riƙe ruwa, an bar mu da wanda ba ya riƙewa. Aikin kwana biyu ne ga karraka ta rufe inda ta fasa.

3. Abin da ya biyo baya.

Daminar 2023 ta yi kyau. Ruwa ya shiga hafir, ya fita ta kudu ya bi gonaki. Ranar 20 ga Disamba ya ƙafe, wata huɗu kafin lokacinsa. A makon ne kuma gidaje goma sha biyu na waɗanda yaƙi ya koro suka iso ƙauyenmu, da yara da tsofaffi. Mun ba su abinci, suka kwana biyu, sannan muka nuna musu hanyar Mafaza, domin ba mu da ruwan da za mu riƙe su. Ban taɓa jin an sallami baƙo daga Hillar Gado ba sai ranar. Ni aka wakilta in faɗa musu.

A watan Janairu, 2024, mutanenmu suka fara tashi zuwa bakin kogi, gida bayan gida. Suka kafa rumfunan zana a bayan Mafaza, a filin da ba nasu ba. Lajna ta zauna ta yanke cewa ko ta halin ƙaƙa ba za a bar ƙauyen babu kowa ba, saboda irin shuka na kowane gida yana binne a matmura, rumbunanmu na ƙasa, kuma ƙauyen da aka bari ba ya kwana bakwai ba a ɓalle masa ƙofofi da kwano ba. Maza tara muka zauna a ranin nan.

A watan Yuni mutane suka dawo, amma gida sittin da ɗaya ne cikin tamanin da huɗu. Muka toshe bangon da buhunan ƙasa da itace, mata da maza, kwana goma sha tara. Ranar 11 ga Agusta, bayan ruwan yini guda, toshiyar ta tafi. Muna tsaye muna kallo.

Gida ashirin da ukun da ba su dawo ba, mazajensu yawanci suna Gadambaliya suna yankan dawa a gonakin wasu. Kowannensu yana da gonarsa a nan, wadda ubansa ya bar masa. Mutanen da aka ce za a mai da su masu sayar da mai, an mai da su 'yan ƙodago. Ina roƙon Mai Girma ya auna wannan da manufar da aka rubuta a saman takardun shirinku.

A Janairun bana ruwa ya sake ƙafewa, mutane suka koma bakin kogi, har da Hawwa; mu biyu muka zauna, ni da Malam Yahya. Tare muka tashi, tare muka yi karatun allo, shi ya yi mini waliyyi a aurena. Shi yake limanci, ni nake kiran salla. A farkon Fabrairu ciwon ƙirji ya kama shi. Ya ƙi tafiya har sai da ya kasa tsayuwa a salla, sannan aka ɗauke shi a karo zuwa Mafaza. Ya rasu ranar Juma'a, 21 ga Fabrairu, 2025. Ya bar wasiyya a binne shi kusa da mahaifinsa. Maza goma sha ɗaya suka kawo shi, muka haƙa, muka yi masa sutura, suka juya kafin la'asar domin ruwan da suka zo da shi bai isa kwana ba.

Tun daga ranar ni kaɗai ne. Wani maƙwabcinmu Balarabe mai karo, Elfadil, yana kawo mini ganga ɗaya ta ruwa kowace Juma'a, ya zauna mu sha shayi, ya koma. Sauran kwana shida ba na jin muryar mutum sai tawa, in na kira salla. Ina kira har yanzu, sau biyar. Ina jira kaɗan bayan kira, kamar yadda aka saba, sannan in tayar. Ranar ƙaramar salla na sa jallabiyata na tafi filin idi, na zauna har rana ta ɗaga, na dawo. Ban rubuta wannan don a tausaya mini ba. Na rubuta ne don ya shiga takarda cewa ba a yi yini ɗaya ba a kira salla a Hillar Gado ba.

4. Ziyarar mufattishi.

Ranar Laraba, 9 ga Afrilu, 2025, da misalin ƙarfe goma sha biyu da rabi na rana, motar shirinku ta tsaya a bakin masallaci. Mai duba ayyuka, Sayyid Taha, ya sauko da direbansa. Na yi murna da ganinsu fiye da yadda ya dace da mai shekaruna. Na ɗauka amsar takarduna ce ta zo.

Na shimfiɗa musu tabarma, na dafa shayi. Sayyid Taha ya tambaye ni ina mutane. Na ce suna bakin kogi, za su dawo da ruwan farko. Ya tambaya tun yaushe, na ce tun Janairu. Ya tambaya mutum nawa ne suke kwana a nan, na ce ni. Ya rubuta. Na ɗauko littafin lajna mai ɗauke da sunan kowane gida da gonarsa, na ce ya duba. Ya ce ma'alesh ya Hajj, wato in yi haƙuri, akwai ƙauyuka huɗu a gabansa kafin magariba. Na roƙe shi ya taka zuwa hafir, tafiyar minti biyar, ya ga inda aka fasa. Ya ce wannan aikin sashen injiniyoyi ne, shi ƙirga mazauna aka aiko shi. Na ce to ya zo in buɗe masa matmura ɗaya ya ga iri, domin wanda ya yi ƙaura ba ya barin irinsa. Ya ɗauki hoton layin bukkoki da wayarsa, daga inda yake zaune. Na nuna masa sabon kabari daga nesa, na ce mutanen da suka watse ba sa dawo da mamacinsu. Ya yi wa mamacin addu'a, ya gode mini da shayi.

Na duba agogo da suka tashi. Minti ashirin da biyar suka yi.

Ba na zargin Sayyid Taha da ƙarya. Abin da ya gani ya rubuta. Amma an aiko shi ƙirga manoman damina a tsakiyar Afrilu, a ƙauyen da shirinku da kansa ya fasa wa tafki. Ko wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ya san ba a ƙirga tsuntsaye a sheƙa da rana tsaka.

5. Abin da aka rubuta a kaina.

Ranar Juma'a, 2 ga Mayu, Elfadil ya zo da ruwa, ya zo kuma da takarda daga matata Hawwa. Kwafi ne na jerin da aka manna a ƙofar ƙaramin ofishinku na Mafaza. Ita ba ta karatu sosai, amma ta gane sunan ƙauyenmu, ta tsaya a ƙofar har aka karanta mata, ta ƙi tafiya sai da aka ba ta kwafi. A layi na bakwai an rubuta: Hillar Gado, mahjura, wato wadda aka ƙaurace wa. A gurbin yawan mazauna an sa sifili. A gurbin ƙarin bayani an rubuta cewa an sami gafir ɗaya a wurin, wato mai gadi.

Ranka ya daɗe, gadi ba abin kunya ba ne. Amma mai gadi yana tsaron kayan wani ne, a ba shi lada, in an sallame shi ya koma garinsu. Ni a ɗakin da nake kwana aka yanke mini cibiya. Idan ma an ƙi ƙirga gida sittin da ɗaya don ba a gan su ba, ni an gan ni, an sha shayina. Na koyar da lissafi shekara talatin da ɗaya, ban san ƙa'idar da ɗaya yake zama sifili ba.

6. Injin matsar riɗi.

A ƙasan jerin an rubuta cewa kayan da aka ware wa ƙauyukan da aka cire za a mai da su wasu wurare. Muhandis Elnour ya shaida mana tun Maris, 2023, cewa injinmu ya iso, yana ma'ajiyarku a Gadarif da sunan ƙauyenmu a jikin akwatinsa. Matan nan arba'in da ɗaya sun yi kwana goma ana koya musu tace mai da auna shi da adana tunkuza don awaki. Hawwa ta aiko mini da saƙo ta bakin Elfadil cewa matan suna tambayarta, ita kuma ba ta san abin da za ta ce musu ba. Ta ce in tambaya, idan an ba wasu injin, ɗakin da suka gina fa, wa za a ba? Na isar da tambayarta kamar yadda ta faɗa.

Ba ma baƙin ciki da wani ƙauye ya samu. Muna cewa ne kawai namu ne aka ce.

7. Turakun awo a gonakinmu.

Wannan shi ne mafi nauyi. Ranar Lahadi, 27 ga Afrilu, wasu mutum huɗu suka zo da mota da kayan awo, suka kafa turakun ƙarfe masu jan fenti daga gabashin maƙabarta har zuwa kwarin da ke iyakar gonakinmu ta arewa. Na bi su a ƙafa ina tambaya. Babbansu ya ce su an ba su jerin filayen da babu mai su ne, za a shigar da su cikin manyan gonakin tarakta. Na ce akwai masu su. Ya ce ba shi ya rubuta jerin ba, in je inda aka rubuta. A lokacin ban gane wane jeri yake nufi ba. Sai da takardar Hawwa ta zo na gane.

Na ƙirga turakun, arba'in da shida ne. Ban taɓa ko ɗaya ba, domin ni mai bin doka ne. Ɗaya yana tsakiyar gonar marigayi Malam Yahya, wadda iyalinsa suke shirin shukawa bana.

Jerin ya ce hukuncin zai tabbata ranar 1 ga Yuni. Mutanenmu sukan dawo ne a tsakiyar Yuni. Wato za a rufe maganar mako biyu kafin waɗanda ake magana a kansu su iso. Labarin turakun ya riga ya kai bakin kogi. Elfadil ya ce mini wasu magidanta sun fara cewa gara su nemi wuri a Mafaza tun yanzu, da su kwaso iyali su tarar da tarakta a gonarsu. Idan suka yi haka, abin da aka rubuta bisa kuskure a Afrilu zai zama gaskiya a Yuli, kuma babu wanda zai iya cewa rahoton ya yi ƙarya.

Matata ma, wadda tun Janairu take aiko mini cewa in daure, saƙonta na ƙarshe bai ce in daure ba. Ta tambaya ne ko in aiko mata da sauran tukwanenta. Ban aika ba tukuna.

8. Rashin amsa.

Takarduna uku ban sami amsar ko ɗaya ba, ko da ta shaidar an karɓa. Ta hannun direbobin lori na aiko su, don haka ba zan rantse sun iso ba. Idan sun iso, to ofishinku ya san da fasasshen bango wata goma sha takwas kafin a aiko Sayyid Taha.

Abin da nake roƙo.

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon Mai Girma, cikin ƙanƙan da kai:

Na farko, a dakatar da hukuncin ranar 1 ga Yuni a kan Hillar Gado, a kuma sanar da masu awo a rubuce cewa gonakinmu suna da masu su, a zo a cire turakun.

Na biyu, a sake ƙirga mu. Ko dai a aiko mufattishi a watan Yuli ko Agusta, lokacin da kowa yake gonarsa, ko kuma a je yanzu rumfunan da ke bayan Mafaza, a nemi Hawwa matar Malam Tijjani, za ta zaga da shi gida gida. Na haɗa da kwafin sunayen gidaje tamanin da huɗu daga littafin lajna, na sa alama a kan sittin da ɗayan da suka yi noma bara.

Na uku, a aiko karraka ta rufe bangon kudu kafin ruwan farko. Ba mu ce a gama sabon hafir bana ba, mun san halin da ake ciki. A mai do mana da tsohon yadda aka same shi. Idan man mota ne matsala, mazajenmu sun ce za su yi duk aikin da hannu zai iya, karraka ta danne kawai.

Na huɗu, a bar injin matsar riɗi a ma'ajiya da sunanmu har a gama bincike.

Na biyar, a gyara layi na bakwai. A goge kalmar gafir, a rubuta sunana, a sa ɗaya a inda aka sa sifili.

Ƙa'idar shirinku ta ce takardar lajna sai da sa hannun shugaba da sakatare da shaidu biyu daga mazauna ƙauye. Shugaba yana maƙabarta. Shaidu suna bakin kogi, kuma in na tsaya neman su lokaci zai ƙure. Na bar gurabensu fari, ban sa wa kowa hannu ba. Ina roƙo kada a mai do da takardar saboda wannan.

Abu na ƙarshe, ranka ya daɗe. Wannan karon ba zan ba direba ba, da kaina zan kawo. Elfadil ya yarda ya zo gobe Talata ya ɗauke ni zuwa Mafaza, in hau mota zuwa Gadarif, in miƙa takardar ranar Laraba, in dawo ranar Alhamis in Allah ya yarda. Na nemi wanda zai zauna a madadina, ban samu ba. Saboda haka daga safiyar 13 ga Mayu zuwa yammacin 15 ga Mayu babu kowa a Hillar Gado, karo na farko tun da kakana ya sare ta. Na sanar da Mai Girma wannan da kaina, a rubuce, don kada a ce na ɓoye. Ina roƙo, don girman Allah, kada a aiko mai ƙirga a cikin waɗannan kwana uku.

Allah ya ja zamanin Mai Girma, ya sa ya gama lafiya, ya zaunar da ƙasarmu. Ka huta lafiya, tare da matuƙar girmamawa da biyayya.

Naka mai biyayya,

Tijjani Abduljalil Gado,
Sakataren Lajnar Raya Hillar Gado,
mazauni.

Shugaban lajna: ....................
Shaida na farko: ....................
Shaida na biyu: ....................